Jinkirin magana ga yara a cikin birnin Kano: Abin da gida da makaranta za su iya yi

A gidajen cikin birnin Kano, daga Yakasai zuwa Mandawari, daga Madabo zuwa Ƙofar Mazugal, ɗaya daga cikin abubuwan farko da ake yi wa jariri bayan haihuwa shi ne kiran sallah a kunnensa. Ke nan tun ranar farko an yarda cewa wannan ɗan tsurut ɗin yana ji, kuma ya cancanci a yi masa magana. Sai dai da zarar an watse daga taron suna, gidaje da yawa kan jingine wannan fahimta. A shayar da yaro, a yi masa wanka, a goya shi, amma hira da shi a ajiye ta sai ranar da ya yi baki.

Masana ci gaban yara sun daɗe da nuna cewa baki ba ya tsirowa da kansa kamar haƙori. Yaro yana koyon magana ne idan an yi masa ya ji, ya mayar da abin da ya iya, sannan aka amsa masa. Duk inda wannan musaya ta yanke, ko don kunnensa ba ya ji sosai, ko don babu mai sukunin amsa masa, magana takan yi jinkiri. Jinkirin kuwa yakan bi yaro har cikin aji, inda yake rikiɗewa ya zama wahalar karatu da rubutu, a ƙarshe a laƙaba masa sunan daƙiƙi alhali ba shi ba ne.

Matakan da ake sa ran gani

Jariri yana fara jin sauti tun yana ciki, a watannin ƙarshe kafin haihuwa, shi ya sa yake gane muryar mahaifiyarsa tun yana ɗan kwanaki. A wata 2 zuwa 3 yakan yi murmushi idan an yi masa wasa, yana fitar da 'yan sautuka. Daga wata 6 zuwa 9 gwaranci ke kankama, ya riƙa maimaita "ba-ba-ba" da "da-da-da", yana waiwayowa idan an kira sunansa. Zuwa shekara guda ana sa ran ya fara nuni da yatsa, ya miƙa hannu a ɗauke shi, ya kuma furta kalma ɗaya ko biyu da nufi.

A wata 18 yawancin yara suna da kalmomi goma zuwa ashirin, suna fahimtar umarni mai sauƙi irin su "kawo takalminka". A shekara 2 kalmomin kan kai wajen hamsin, yaro ya fara haɗa biyu, kamar "Umma ruwa" ko "Baba ya tafi". A shekara 3 baƙon da bai saba da shi ba ya kamata ya gane mafi yawan abin da yake faɗa. Daga shekara 4 zuwa 5 kuwa yakan iya ba da labarin abin da ya faru a jere, ya cika gida da tambayoyi.

Waɗannan ma'aunai ne na kintace, domin kowane yaro da nasa taku. Amma akwai alamomin da ba a yi musu jira: ɗan wata 12 da ba ya gwaranci kuma ba ya nuni, ɗan wata 18 da ba shi da kalma ko ɗaya, ɗan shekara 2 da bai fara haɗa kalmomi ba, da kuma yaron da ya fara magana sannan ya daina, ko shekarunsa nawa.

Abin da tsohon gida ya tanada

Tsarin zaman cikin birni ya tanadi makarantar magana tun kafin a san sunanta. A babban gida yaro yana buɗe ido ne a tsakar gida mai cike da muryoyi: kaka da gwaggo da matan baffanni da yayye, ga maza a soro, ga masu shigowa sayen ƙuli ko kai niƙa. Kowa da irin maganar da yake yi masa.

Wannan yawan bakuna shi ne ke cike giɓin da wata al'ada ta bari, wato kunyar ɗan fari. Uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, wani lokaci ma takan nuna kamar ba ta damu da shi ba. A babban gida wannan ba ya cutar da yaro, domin kaka tana nan. Ita ce ke kiran jikanta "maigidana", ta kira jikanya "kishiya", ta tsokane su, su rama, ta sake tsokana. Wasan kaka da jika, idan aka dube shi da idon masana, horo ne na musayar magana da ba shi da na biyu.

Haka tatsuniya take. Mai ba da ita ba ta farawa sai yara sun amsa mata, kuma a tsakiyar labarin Gizo da Ƙoƙi akwai waƙar da ake amshi, akwai tambaya, akwai gardama. Kacici-kacici yana koya wa yaro siffanta abu ba tare da ambaton sunansa ba. Wasannin karya harshe suna goge furuci. Waƙoƙin raino da na gaɗa da wasannin tashe na watan azumi suna saba wa kunne da kari da amsa-amo, waɗanda su ne tubalin koyon haɗa baƙi daga baya. Marigayi Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya na Jami'ar Bayero ya tattara da yawa daga cikin wannan taska a jerin littattafansa na Tatsuniyoyi da Wasanni a farkon shekarun 1970.

Sai kuma aike. Wata masaniyar zamantakewa 'yar Amurka, Enid Schildkrout, wadda ta yi bincike a unguwannin cikin birnin Kano a shekarun 1970, ta bayyana yadda yara suke zama ƙafa da bakin matan da ke cikin kulle. Su ke kai saƙo, su ke sayayya, su ke kawo labari. Yarinyar da aka ce mata, "Je ki gidan Gwaggo, ki gaishe ta, ki ce Umma ta ce a ba ki rariya, in ba ta kusa ki tambayi Yaya," an ɗora mata aikin riƙe jimloli huɗu a ka, da yin sallama, da zaɓar kalmar girmamawa, da dawo da amsa yadda aka faɗa. Ba kowane darasin aji ne ya kai wannan ba.

Abin da ya sauya

Yau yawancin sababbin ma'aurata suna barin gidan gado su kama haya a bayan ganuwa, a Ɗorayi ko Rijiyar Zaki ko Kurna ko Hotoro. Waɗanda suka zauna a birni ma, rabon gado ya yayyanka gidaje da yawa zuwa ƙananan sassa, kowa da ƙofarsa. Amarya takan wuni ita kaɗai da ɗanta na fari, miji yana Kurmi ko Kwari ko Sabon Gari sai dare. Kunyar ɗan fari ta biyo ta sabon gida, amma kaka ba ta biyo ta ba. Giɓin da ya rage sai waya ta shige shi: yaro ya yi kuka, a kunna masa katun a miƙa masa.

Wasu iyaye suna ganin hakan koyarwa ce, musamman idan suka ji yaro yana maimaita ƙirga da Turanci. Wani gwaji da Farfesa Patricia Kuhl da abokan aikinta suka wallafa a 2003 a Jami'ar Washington ta Amurka ya nuna iyakar wannan zato. Sun ɗauki jarirai 'yan wata 9 daga gidajen da ake Turanci, aka yi musu zama 12 na sauraron Sinanci. Waɗanda suka zauna gaba da gaba da mai magana sun koyi bambance sautukan harshen. Waɗanda aka nuna wa irin wannan darasi a bidiyo, ko aka kunna musu murya kawai, ba a ga sun koyi komai ba.

A 2018 kuma wasu masana daga jami'o'in Harvard da MIT suka naɗi hirar gidajen yara 'yan shekara 4 zuwa 6, sannan suka ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsu suna sauraron labari. Sun gano cewa yawan musayar magana tsakanin yaro da babba, wannan ya faɗa wancan ya amsa, ya fi yawan kalmomin da yaro ya ji alaƙa da ƙarfin aikin sashen harshe na ƙwaƙwalwa, ko iyayen masu hali ne ko talakawa. Hukumar Lafiya ta Duniya, a jagorar da ta fitar a 2019, ta ce kada a zaunar da yaron da bai kai shekara 2 ba gaban allon waya ko talabijin, sannan 'yan shekara 2 zuwa 4 kada su wuce sa'a guda a rana.

A fara da kunne

Duk yaron da magana ta yi wa jinkiri, abu na farko shi ne a gwada jinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yara kusan miliyan 34 a duniya suna da matsalar ji mai tsanani, kuma kusan kashi 60 cikin 100 na matsalar ji a yara daga abubuwan da ake iya kauce musu take fitowa. Daga cikinsu akwai sanƙarau, ƙyanda, hangum, shawarar jarirai idan ta yi tsanani, wahalar haihuwa, ciwon kunne mai fitar da ruwa da aka bari ya daɗe, da wasu allurai masu ƙarfi da ake yi ba da umarnin likita ba.

Kano ba baƙuwar waɗannan ba ce. Annobar sanƙarau ta 1996, wadda ta kashe fiye da mutum 11,000 a Najeriya, ta yi ɓarna ƙwarai a jihar, kuma kurumta na cikin illolin da cutar ke bar wa wasu daga cikin waɗanda suka warke. Saboda haka kammala allurar rigakafi, da kai jaririn da idonsa ya yi rawaya asibiti da wuri, duk suna cikin kare bakin yaro.

Ba sai yaro ya kurumce gaba ɗaya ba kafin magana ta sami matsala. Hausa harshe ne da ma'ana ke rataye a kan bambanci ƙanƙani. Kuka na hawaye da kuka ta miya karin sauti ne ya raba su. Gari na zama da gari na tuwo tsawon wasali ne. Kafa da ƙafa, bata da ɓata, baƙi ɗaya ne tsakaninsu. Yaron da ruwa ya taru a bayan dodon kunnensa yana jin ƙarar babur da bugun ƙofa, har iyaye su rantse yana ji, amma waɗannan ƙananan bambance-bambance suna wuce shi.

A ƙasashen da suka tsara gwajin ji na jarirai, ƙa'idar ita ce a gwada kafin wata 1, a tabbatar da matsala kafin wata 3, a fara taimako kafin wata 6. A nan ba a saba yin gwajin a yawancin wuraren haihuwa ba, ga shi mata da yawa a gida suke haihuwa, don haka nauyin lura yana kan iyaye. Wanda ya ga alama zai iya fara kai yaro asibitin yara na Hasiya Bayero ko Asibitin Murtala Muhammad, dukansu a cikin birni, ya nemi a tura shi sashen kunne da hanci da maƙogwaro. Asibitin Koyarwa na Aminu Kano yana da irin wannan sashe, akwai kuma Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna.

Maganganun da ke cinye lokaci

"Ƙyale shi, ubansa ma sai da ya shekara huɗu." "Namiji ne, ba su da saurin baki." Irin waɗannan kalamai da kyakkyawar niyya ake yinsu, kuma gaskiya ne wasu yaran sukan cim ma tsaransu ba tare da an yi komai ba. Matsalar ita ce babu mai iya sanin wane yaro ne zai cim ma, wane ne ba zai cim ma ba, sai an duba. Jinkirin da ke bin dangi ma dalili ne na gaggauta dubawa.

Wasu kan kai yaro wajen wanzami a yanke masa linzami, wato 'yar fatar da ke ƙarƙashin harshe. Linzamin da ya ɗaure ƙwarai yana iya hana jariri kama nono da kyau ko ya shafi furucin wasu baƙaƙe, amma ba ya hana yaro fahimtar magana ko tara kalmomi. Likita ne ya kamata ya duba, domin yanka a gida yana tattare da haɗarin zubar jini da shigar ƙwayoyin cuta. Addu'a da tofi kuwa ba su hana zuwa asibiti ba.

Idan kunne lafiya lau yake, akwai sauran dalilai. Wani bincike da aka wallafa a Ingila a 2016 ya gano cewa kusan yara biyu a ajin mutum 30 suna da wahalar koyon harshe wadda ba ta da nasaba da kurumta ko raunin hankali. Akwai larurar otizim, da wasu ke kira galahanga, wadda alamunta suka haɗa da ƙin haɗa ido, rashin amsa suna da rashin nuni. Akwai in'ina, wadda ta fi farawa tsakanin shekara 2 da 5. Kusan yaro 5 cikin 100 kan yi ta na wani lokaci, mafi yawansu kuma su daina. Tsawa da dariya da ƙarasa wa yaro magana suna ƙara ta. Abin tunawa ne cewa Annabi Musa (AS) ya yi fama da nauyin harshe, kuma hakan bai hana a aiko shi da saƙo ba.

Shi kuwa jin harshe fiye da ɗaya ba ya jawo jinkiri. Yaron birni yana jin Hausa a gida, Larabci a makarantar allo da Islamiyya, Turanci a boko, wani ma da Fulatanci ko Barbarci a wajen kakanni, kuma ƙwaƙwalwarsa tana iya ɗauka. Abin da ke cutarwa shi ne iyaye su daina yi wa yaro cikakkiyar Hausar da suka ƙware a kai, su koma ba shi guntattakin umarni da Turancin da bai zauna a bakinsu ba.

Rabon makaranta

Makarantar allo tana da abin koyi. Malam yana biya wa kowane ɗalibi shi kaɗai, ya saurari furucinsa, ya gyara masa mafitar harafi, daga babbaƙu zuwa farfaru. Malamin da ke aiki haka yana cikin waɗanda za su fara gane yaron da ba ya ji sosai. Abin da ake buƙata shi ne, idan ya ga yaro yana kallon bakinsa ƙuri ko yana kasa maimaitawa kullum, ya kira mahaifin yaron kafin ya ɗauki dorina.

A firamare matsalar ta fi girma. Ajujuwa da yawa a cike suke maƙil, kuma hanyar da aka saba ita ce malam ya faɗa, aji ya amsa baki ɗaya. A cikin wannan amshi yaron da ba ya ji ko ba ya fahimta yana iya shekara yana motsa leɓe ba a gane ba. Ko a aji mai cunkoso, malama za ta iya ware minti goma kullum yara su juya bibbiyu kowa ya ba ɗan'uwansa labari. Za ta iya yin tambayar da amsarta ta wuce "e" ko "a'a", ta jira yaro ya tattaro amsa, ta zaunar da mai raunin ji a gaba, ta kuma guji yin bayani tana fuskantar allo. Idan yaro ya yi kuskure, maimaita masa jimlar daidai ya fi kunyata shi amfani.

Batun harshen koyarwa ya daɗe ana kai-kawo a kansa. Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 ta tanadi a fara koyar da yara da harshen uwa ko na yankin a azuzuwan farko na firamare. A 2022 Gwamnatin Tarayya ta faɗaɗa tsarin zuwa shekara 6, sannan a watan Nuwamban 2025 Ministan Ilimi, Dokta Tunji Alausa, ya sanar da soke shi da komawa Turanci. Masu goyon bayan harshen uwa suna kafa hujja da gwajin da Farfesa Babatunde Fafunwa ya jagoranta a Ile-Ife daga 1970, inda yaran da aka koyar da Yarbanci tsawon firamare, Turanci yana matsayin darasi, ba su gaza tsaransu ba ko a Turancin. Ko wace manufa ke aiki, ɗan aji ɗaya a Gwale ko Dala da Hausa yake tunani, kuma malamin da ya ba shi damar bayyana abu da ita kafin ya ɗora masa kalmar Turanci ya rage masa rabin wahala.

Idan an tabbatar yaro kurma ne

Kurumta ba ta nufin rashin harshe. Kuramen Kano suna da maganar hannu tasu tun da daɗewa, wadda wata masaniya Bajamusa, Constanze Schmaling, ta yi nazari a kanta a nan Kano ta wallafa littafi a 2000. Akwai makarantar masu buƙata ta musamman a Tudun Maliki, kuma Jami'ar Bayero tana da sashen horar da malaman wannan fanni. Na'urar taimaka wa ji tana amfanar yara da yawa idan an sa ta da wuri. Abin da ke tauye yaro kurma shi ne ya kai shekarun makaranta babu wani harshe a hannunsa, na baki ko na hannu. Don haka iyaye da yayye su koyi maganar hannu tare da shi, maimakon a ɓoye shi a ɗaki.

Abin da ba ya buƙatar kuɗi

Jaririn da ke goye yana jin murya amma ba ya ganin baki, saboda haka lokacin shayarwa da wanka da shafa mai dama ce ta haɗa ido da shi. Idan ya yi gwaranci a amsa masa, a dakata ya sake. A riƙa faɗa masa sunan abin da yake kallo. Idan ya ce "mota", a ce masa "E, jar mota ce, ta tafi kasuwa." Uba ma yana da rabo: hanyar masallaci, ko zagayawa ta Kasuwar Kurmi da marinar Ƙofar Mata, cike take da abin nunawa da tambaya. Uwar ɗan fari da kunya ta hana ta wasa da shi a gaban surukai, babu mai ganinta a cikin ɗakinta. Kakar da ke birni kuma, ziyararta ranar Juma'a ta fi katun na mako guda.

Iyayen da suka ga wata alama daga cikin waɗanda aka ambata su rubuta kalmomin da yaron ke faɗa, da cututtukan da ya yi tun haihuwa, su ɗauki katin rigakafinsa su tafi asibiti, su kuma nemi a gwada jinsa ko da ba a ambata musu ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma a sha'anin magana shekaru uku na farko su ne ɗanyen.